Ƙuri'ar da Ke Bayan Katin Burodin Masara

Kakata Ozella Tubbs ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin sakatariya a ofishin ƙwallon Jami'ar Marlow, amma ba ta taɓa zama a filin wasa daga busan farko zuwa na ƙarshe ba. Ta ce ihun mutum dubu sittin kwance mata kai yake yi. A rediyo take saurare, a kicin, tana yankan kuɓewa. A garin da ake ɗage ɗaurin aure idan ya faɗo Asabar ɗin wasa, wannan kaɗai ya isa a riƙa yi wa mutum kallon mamaki. Wasan da nake nufi namu ne na zari-ruga, na hular kwano da karo da ƙirji, wanda mahaifina Lavon ya buga wa Marlow shekara huɗu, har ya bar masa gwiwar da ke sanar da shi zuwan ruwan sama kafin masu hasashe su faɗa.

A danginmu ni ce ma'ajiya. Hotunan biki, takardun jana'iza da ake rabawa a coci, wa ya haifi wa, duk wurina ake zuwa nema. Tun da na gama sakandare na kama aiki a kantin magani, ranar Laraba kuma da nake hutu ina gidan Kaka, ina kwashe abin da ke kanta ina zubawa a littafi. A watan Oktoban bara na zo kan girke-girkenta. Suna cikin wani tsohon gwangwanin biskit, kowane girki da katinsa, sun fi ɗari biyu, duk sun sha maiƙo. A can ƙasan gwangwanin na tarar da guda ashirin da biyar an ɗaure su daban da roba, robar ma ta narke ta manne da na sama.

A gaba girki ne kamar sauran: soyayyar tarwaɗa, miyar kuɓewa da jatan lande, burodin masara. Da na juya bayan ɗaya sai na ga rubutun fensir, hannun Kaka ne, ƙanana: “Ta ci goma sha ɗaya, an ci ta ɗaya. Wadda ta ci ta mai ƙarfi ce, a gidanta, da maki uku, ana ruwa. Biyar daga waɗanda ta ci manya ne.” Na juya wani. Shi ma haka. Duka ashirin da biyar ɗin haka suke, kuma babu sunan ƙungiya ko ɗaya.

Kafin in faɗi abin da Kaka ta ce, sai na faɗi abin da duk ɗan Marlow ya sani tun yana goye.

A wancan lokacin ba kamar yanzu ba ne da ake ɗiban ƙungiya goma sha biyu su kara. Biyu kawai ake ɗauka su buga wasan kofin ƙasa. Kowace Lahadi kociyoyi kusan sittin suke jera ƙungiyoyi ashirin da biyar da suka ga sun fi, ta ɗaya maki ashirin da biyar, ta biyu ashirin da huɗu, haka har ƙasa. Ana haɗawa da wani lissafin na'ura, amma ƙuri'ar kociyoyi ita mutane suke zuba wa ido. A shekarar da aka haife ni Marlow ta ci wasanninta goma sha biyu, ba wanda ya kayar da ita. Aka sa ta ta uku. Jami'ar Kessler, wadda an ci ta sau ɗaya, ita ta tafi. Kuma a shekarar ne karon farko jarida ta buga ƙuri'ar kowane koci da sunansa. Mutanen gari suka buɗe shafin suna neman maƙiyan da suka danne mu, sai suka ga kocinmu, Harlan Boyette, shi da kansa ya sa Kessler ta biyu, ya sa yaransa na uku.

Washegari ya tashi ya tarar da allunan “gidan sayarwa” goma sha huɗu an kafa masa a ƙofar gida, wato ya tattara ya bar gari. 'Yan jarida suka tare shi, abin da ya ce kawai shi ne, “Sunana ne a kai.” Ya ƙara shekara ɗaya ya bar garin. A gidanmu ba a ambaton sunansa. Baba “Na-Uku” yake ce masa. Idan naman gashi ya ƙone, ko mota ta ƙi tashi, sai ƙanwarsa Gwaggo Verdell ta ce, “Aikin Na-Uku ne,” a yi dariya, ban da Baba.

To, a Nuwamban bara shekara ashirin ke cika, jami'a za ta fito da tsofaffin 'yan wasan tsakiyar fili a lokacin hutun rabin wasa a tafa musu. Baba, da yake yana cikin waɗanda suka buga a shekarar, shi ne shugaban kwamitinsu, kuma sun riga sun yanke ba za a gayyaci kocin ba. Yana raye, ya haura tamanin, yana gidan 'yarsa, tafiyar awa ɗaya daga garinmu.

Na ɗauki katunan na same ta a baranda tana ɓarar wake.

“Kaka, wannan wane irin girki ne da ake cin goma sha ɗaya a bar ɗaya?”

Ta dubi abin da ke hannuna ta saman tabarau. Ba ta daina ɓarar ba.

“Ke dai Renita, da ɗan sanda kika zama da ba ɓarawon da zai yi barci. Girki na ce ki kwafa. Wa ya aike ki bayan kati?”

“Hannuna ne ya juya.”

“Hannunki ya cika sa ido. Jawo kujera ki taya ni, in baki zai yi aiki hannu ma ya yi.”

Na zauna na ɗebi wake. Sai da muka kusa cika kwanon ta ce, “Kina tsammanin mutumin da ya wuni yana ihu a bakin fili ranar Asabar yana da lokacin kallon wasan wasu? Ba ya ganin kowa sai yaransa da waɗanda suka kara da su. Ranar farko da takardar ta zo, ya ajiye mini ita a tebur ya ce, ‘Mis Ozella, ki cike wannan ki buga musu waya gobe, kin fi ni karanta jarida.’ Shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya bai ƙara tambayata ba.”

Waken da ke hannuna ya zube.

“Ke ce kike cikewa?”

“Ki tsince mini wake. Ni ce. Kuma ba ni kaɗai ba, kada ki ɗauka wani abin al'ajabi ne. Rabin ƙuri'un nan masu buga wa koci wasiƙa ne suke cikewa, ko mai magana da 'yan jarida. Kowa a cikin sana'ar ya sani. Mutanen gari ne ba su sani ba.”

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda mace da ba ta shiga fili take auna ƙungiyoyin da ke nesa da mu kwana biyu a mota. Na tambaye ta, sai na ga fuskarta ta saki kamar an tambaye ta sirrin miya. Ta ce tana tashi da asuba ranar Lahadi, ta ɗora kofi, ta shimfiɗa jaridu uku. Sannan ta fara buga waya. Su tara ne, duk sakatarorin ofisoshin ƙwallo a jihohi daban-daban, ba su taɓa ganin juna ba, amma sun san sunan jikokin juna. Ƙa'idarsu ɗaya ce: kowace ta faɗi gaskiyar yaranta. In sa'a ce ta ba su nasara ta ce sa'a ce. In mai jifan ƙwallo yana ɗingishi a ɓoye ta faɗa. Babbar ƙawarta a cikinsu ita ce Imogene, ta ofishin Kessler.

“Katunan fa?” na ce.

“Ranar farko ba takarda a kicin, su ne a kusa. Daga baya na ga suna da amfani. Kowace ƙungiya na ba ta girkinta, jerin yana cikin Littafi Mai Tsarki, wajen Zabura. Sai in rubuta abin da ta yi a bayan katin, ba suna. In cakuɗa su kamar 'yan karta, Allah ya yafe mini, ranar Lahadi. In jera su ina kallon baya kawai, wadda ta fi a sama. Sai na gama in juya in ga wace ce wace. Don kada zuciya ta ja ni wajen masu jar riga ko masu waƙa mai daɗi. Litinin in goge, in jira wata Asabar.”

“Waɗannan ba ki goge ba.”

“Ban goge ba.”

“Wanne ne mu?”

Ta miƙo hannu ta zaro ɗaya ba tare da ta duba sosai ba. Burodin masara. A nan na tuna cewa tunda na yi wayo ban taɓa cin burodin masara daga hannun Kaka ba. Gwaggo Verdell ce take kawowa, busasshe, muna ci muna shan ruwa. Na ɗauka Kaka ba ta iya ba ne.

Ta ce Lahadin ƙarshe ta shekarar nan ta jera, ta juya, ta ga burodin masara na uku, miyar kuɓewa na biyu. Ta zauna tana kallonsu har kofi ya huce. Ƙarfe tara ake rufe karɓar ƙuri'a, tara da rabi ake fara sujada, takardun waƙoƙin coci kuma suna jakarta. Ta buga gidan koci sau biyu, ba a ɗauka ba, sun tafi kamun kifi da surukinsa. Ba wanda ya gaya mata cewa bana za a buga ƙuri'un a jarida. Wasiƙar da ta faɗi haka tana cikin tiren koci tun watan Agusta, ba a buɗe ba. Ta ɗaga waya ta karanta musu yadda katunan suka jeru, ta sa hularta ta tafi coci.

“Imogene fa? Ita ta nawa ta sa mu?”

Kaka ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

“Na shida. Ta sa nata na biyu, mu na shida. Da na buga mata ta ce, ‘Haba Ozella, gaskiya ai tsakaninmu ce a waya. Ranar ƙarshe kowa nasa yake ɗagawa, ke ba ki sani ba?’ Ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya ina cikin abu, ni kaɗai ce ban sani ba. Har yau tana aiko mini katin Kirsimeti. Rubutunta kyakkyawa.”

“Kocin bai ce miki komai ba?”

“Litinin na shiga da takardar barin aiki a hannu. Ya karanta, ya mayar mini. Ya ce, ‘In na ce sakatariyata ce, na tona kaina na shekara goma sha ɗaya, kuma allunan nan ƙofarki za su koma, ɗanki yana cikin yaran. Ki je ki buga mini wasiƙun jiya.’ Na je na buga. Na ce zuwa bayan Kirsimeti zan gaya wa Lavon. Sai aka haife ki. Sai gwiwarsa. Sai kakanki ya kwanta ciwo. Kullum akwai dalili, 'yar nan, in kana nemansa.”

Na ce, “Kaka, saura mako uku a yi taron. Ba za su gayyace shi ba.”

“Na ji. A nan barandar ubanki ya zauna ya faɗa, yana cin kek ɗina.”

“To?”

“To me? Ki rubuta a littafinki, in na mutu ki karanta musu.”

“Kocin zai jira ki mutu? Ya girme ki da shekara takwas.”

Ta bi ni da kallo mai tsawo. Ta ce, “Bakinki irin na Verdell ne, Allah ya sawwaƙe.” Ta ɗauki kwanon wake ta shige ciki.

A makon nan na kasa zama. Na je ɗakin karatu na gari aka fito mini da jaridar ranar. Na kwafe ƙuri'un duka a takarda na haɗa. Tsakanin Kessler da Marlow maki tara ne. Da Kaka ta musanya katunan biyu, da mun ƙaru da ɗaya, su sun ragu da ɗaya, saura bakwai. Ko ta ɗaya ta sa mu, ba za mu je ba. Na yi murna ƙwarai, na ɗauka na samo maganin abin. Na kai mata takardar da gudu. Ta duba ta ce, “Kin iya lissafi,” ta mayar mini.

Ranar Lahadi bayan coci duk muna cin abinci a gidanta, haka aka saba. Da na shiga kicin sai na ji wani ƙamshi da ban san shi a gidan ba. Gwaggo Verdell ta shigo bayana da nata faranti a lulluɓe, ta tsaya tana shinshina.

“Mama, burodin masara kika yi? Ni kuma nawa fa?”

“Ki ajiye, za a tare ƙofa da shi in iska ta taso.”

“Shekara ashirin ina ciyar da gidan nan, yau ni ake wa gori. Lavon, kana ji?”

Baba ya riga ya yanki na Kaka yana shafa man shanu. Ya ce, “Ina ji, ina kuma ci. Mama, rabona da wannan tun ina makaranta. Me ya faru, wani ne zai yi aure?”

Kaka ta bari sai da aka ci aka ƙoshi, aka kwashe kwanukan. Sannan ta ciro kati uku daga aljihun rigar girkinta ta jera a gaban Baba, bayansu a sama.

“Lavon, kai da ka san ƙwallo. Ga ƙungiya uku, biyu za a ɗauka. Jera mini su.”

Baba ya sa tabarau yana murmushi, ya ɗauka wasa ne. Ya karanta na farko ya ce, “Wannan ba gardama, ta ɗaya.” Ya karanta na biyu. Ya karanta na uku a fili: “Ta ci goma sha biyu. Biyu manya ne. Huɗu ƙanana ne da aka gayyato gida, ɗaya an ci ta da sittin da uku ba ko ɗaya.” Murmushin ya tafi.

“Sittin da uku ba ko ɗaya. Mama, wannan ai mu ne. Wa ya rubuta wannan?”

“Hannun wa ka gani?”

Ta gaya masa. Ba ta tsawaita ba, ba ta kuma yi kuka ba. Takardar da aka ajiye mata a tebur, wayoyin asuba, katunan, ƙarfe tara. Gwaggo Verdell ta dafe ƙirji ta ce, “Yesu! Ashe Na-Uku a gidanmu yake kwana,” sannan ta rufe bakinta da hannu, don ta ga ba wanda ya yi dariya.

Na turo takardata gaban Baba da sauri. “Baba, na haɗa. Maki tara ne. Ko da Kaka ta sa ku na biyu...”

“Renita, na san lissafin nan tun kafin ki yi haƙori.” Bai ko kalli takardar ba. “Duk mun sani. Ba makin ba ne. Mutum sittin su ce ba ku isa ba, wannan ra'ayinsu ne, ba su san mu ba. Amma wanda ya gan mu muna amai a fili cikin zafin Agusta, shi ya ce ba mu isa ba. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan.” Ya juya wajen Kaka. “Yanzu kin ce ba shi ba ne. Wadda take wanke mini riga ce.”

Na so in taimaka, na ce, “Ai ba ta gani ba, Baba. A rufe take jerawa.”

Baba ya ɗaga katin. “Ni daga karantawa ɗaya na gane. Mama, ke da kika rubuta da hannunki?”

Wannan tambayar ban yi ta ba, kuma ni ce mai tambaya. Na dubi Kaka.

“Na gane mana,” ta ce. “A farkon shekara katunan suna ɓoye mini. Zuwa Disamba na san kowanne kamar fuskar 'ya'yana. Na san naka ne a hannuna.”

“Kika sa shi ƙasa.”

“Na sa shi sama sau uku, ya ƙi zama. Lavon, ni na buga wasiƙun da aka gayyato ƙananan nan huɗu. Na san don me aka zaɓe su. Waɗanda kuka ci sittin da uku, motarsu ta lalace a hanya, ni na kira musu makaniki, na ga yaran suna saukowa, wasu ba su kai kafaɗarka ba. Kessler ta je gidajen manya biyar ta fito da rai. Aka tambaye ni wa ya fi nuna abin da zai iya. Ba a tambaye ni wa nake so ba.”

“Ba mu muka zaɓi waɗanda za mu buga da su ba! Duk wanda aka kawo gabanmu mun kayar da shi. Me kuma za mu yi?”

“Babu. Wannan shi ya hana ni barci, ba ƙuri'ar ba.”

“Da mun ci su, Mama. Wallahi da an sa mu fili ɗaya da mun ci su.”

“Mai yiwuwa. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. An ɗauki abin da ya kamata a raba a fili an ba tsohuwa da fensir a kicin. Na yi iyakar abin da na gani. Laifina da na sani shi ne shirun. Mutumin nan ya ɗauki kayana shekara ashirin, kai kuma kana zaginsa a teburina ina zuba maka shayi.”

Baba ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ya ɗauki makullin mota ya fita, bai yi sallama ba. Gwaggo Verdell ta leƙa ta taga ta ce, “Ya tafi da sauran burodin fa.” Na duba, gaskiya ne, farantin ba ya nan.

Kwana goma sha biyu bai taka gidan Kaka ba. Lahadi ta zo kujerarsa ba kowa. Kaka ta ci gaba da harkokinta, sai dai na lura duk motar da ta wuce sai ta ɗaga labule. Ni ma bai yi mini maganar ba, in na shigo sai ya ƙara ƙarar talabijin. Na fara tunanin ko da na bar robar nan yadda na same ta.

Ranar Asabar ɗin taron, da hantsi, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa sanye da tsohuwar rigarsa mai lamba saba'in da huɗu, wadda yanzu ba ta rufe cikinsa.

“Taso ki raka ni. Ke kika tono, ke za ki riƙe wa kocin sanda.”

Muka yi awa ɗaya a hanya. 'Yar kocin ta buɗe mana. Yana zaune a falo, ɗan tsoho siriri da manyan kunnuwa, ba kamar dodon da na girma ina ji ba. Ya dubi Baba daga sama zuwa ƙasa.

“Tubbs. Ka yi ƙiba.”

“Koci, Mama ta faɗa mini.”

“Ta daɗe ba ta faɗa ba. Kek ɗin dankali ashirin ta aiko mini, kowace Disamba ɗaya. Likita ya ce shi zai kashe ni.”

Baba ya tsaya yana murza hularsa kamar yaron da aka kira ofis. Ni kuwa tambayar da ke cina ta fito da kanta.

“Yallaɓai, da kai ka cike, ta nawa za ka sa su?”

“Wannan fa?”

“'Yata ce. Haka take, ka yi haƙuri.”

“Ta ɗaya zan sa su,” in ji tsohon. “Ba don na auna ba. Ban ga Kessler ta buga ko minti ɗaya ba a shekarar. Kakarki ce kaɗai a cikinmu ta zauna ta duba. Na karanta ƙuri'ata a jarida kamar kowa, na ji haushi kwana biyu, na uku na rasa inda zan ce ta yi kuskure.” Ya miƙo wa Baba hannu. “Ɗaga ni. Sauran sun san zan zo, ko jifa za a yi?”

“Na gaya musu jiya. Shida sun ce ba za su tsaya kusa da kai ba.”

“Shida kawai? Da na ɗauka sun fi haka.”

Da muka shigo gari hanyar fili ta cika, hayaƙin gashi ya tashi daga bayan motoci, ana ta busa ƙaho. Baba bai bi ta nan ba. Ya karya kwana ya shiga layin Kaka, ya tsaya a ƙofarta ya danna hon. Ta fito baranda da wuƙar kuɓewa a hannu, rediyo na magana a bayanta.

“Mama, sa takalmi.”

“Ka san ba na shiga wurin nan.”

“Yau za ki shiga. Kin yi shekara goma sha ɗaya kina yanke wa mutane hukunci ba ki ga wasa ko ɗaya ba. Kuma har yanzu ban yarda da ke ba, na biyu ne mu.”

“Na uku,” in ji Kaka.

Kocin ya sauke gilashi ya ce, “Mis Ozella, ki zo ki zauna kusa da ni. In sun yi jifa mu raba.”

Ta dubi su biyun. Ta koma ciki, muka ji rediyon ya yi shiru. Ta fito da hular coci a kanta, da auduga a tafin hannu. Na matsa mata a kujerar baya, ta zauna, ta cusa audugar a kunnuwa biyu, ta ce wa Baba ya ja a hankali, akwai tsofaffi a motar.